Famfon Kawu a Walia

Ban yi boko ba. Gyaran waya na koya a unguwar Diguel, daga nan na faɗa rubuta wa na'ura umarni, da kallon bidiyo da kwaikwayo. Turancina bai wuce kalmomin da ke cikin umarnin ba.

Kawuna yana da lambu a Walia, bakin kogin Shari. Gwiwoyinsa sun gama aiki. Akwai famfo mai amfani da hasken rana, amma sai an je an kunna safe da la'asar, shi kuwa hawan kilando, babur ɗin haya, ya fi ƙarfin ƙashinsa. Ya ce in shukar bana ta mutu zai saki lambun ya zauna a gida. Na san shi. In ya zauna ba zai ƙara tashi ba. Na ce zan haɗa masa 'yar na'ura ta riƙa kunna famfon da kanta.

A yaren Go, wanda nake rubuta umarnin da shi, akwai abin da ake kira struct, akwati ne da ake zuba bayanai. Na yi ƙarami mai suna Lokaci, da Awa da Minti a ciki. Na yi babba mai suna Famfo, na cusa Lokaci cikinsa. Wajen karantawa ba wahala, ka tambayi Famfo Minti ya ba ka, kamar nasa ne. Shi ya sa wajen ginawa ma na zuba Awa da Minti kai tsaye cikin Famfo. Kwampaila, mai juya rubutu ya zama abin da na'ura ke ganewa, ya ƙi. Na cire su, ya karɓa. Amma abin da ba ka cika ba sifili ne, famfon kuwa minti sifili zai yi.

Haka na yi ta fama. A ɗauke wuta, a kawo, a ɗauke. Da sanyin safiya in je Walia in kunna famfo da hannu, la'asar kuwa ba mai zuwa, ina shago. Salak ya fara kwanciya.

Maƙwabcin shagona Bakano ne, sabon zuwa, caja yake sayarwa. Na juya masa kwamfutar.

"Malam, karanta min zagin da wannan abin yake yi min."

Ya leƙa. "Ba zagi ba ne, Bacade. Cewa ya yi bai san wani Minti a gidan Famfo ba."

"Ga shi a ciki. Ni na sa shi."

"Kai ka sani. Ni ma yanzu ko'ina a kasuwa sunana ake kira. Amma ranar da na tsallako gadar Ngueli na shigo ƙasar nan, wa ya san ni? Sai da mai masaukina ya kama hannuna ya ce baƙona ne."

"Kai da surutu."

"Kai da taurin kai. Sayi caja."

Ban saya ba. Na koma na zauna. Cikin Famfo na fara ambaton Lokaci da sunansa, na buɗe masa akwatinsa, sannan na zuba Awa da Minti a can. Kwampaila ya yi shiru. Shirunsa shi ne yardarsa.

Washegari na ɗauki Kawu a babur, a hankali, yana tsine wa kowane rami. Na ɗaura na'urar a jikin famfo, muka zauna ƙarƙashin mangwaro. Bayan la'asar na'urar ta yi ƙas, ruwa ya taho.

Salak ɗin can ƙarshe ya riga ya ƙone. Tumatir da kuɓewa suna nan. Kawu ya dogara sanda ya bi kwalbatin ruwan da ido har ya isa kunyar ƙarshe.

"Gobe ma zai yi?"

"Zai yi, Kawu."

"Ba tare da kai ba?"

"Ba tare da ni ba."

Ya tuge mataccen salak ɗaya ya jefar. "Kalas, shi ke nan. Ka nemo min irin albasa. Nan zan zuba."