Ranar da Inna ta Kama Sunan Yaya Rabi

An mare ni ranar da na faɗi gaskiya a kan cikin yayata, kuma har yau ba wanda ya ba ni haƙuri. Shekarar da soja suka fara miƙa wa farar hula mulki ce, ina 'yar shekara tara a gidanmu na Koki, rediyon Baba ba ya zancen komai sai zaɓe. Yaya Rabi ta dawo gida goyon ciki, cikin fari, wata takwas. Ni kuwa na samu duniya: ta yi min kitso, ta sam min tsamiyar da take tsotsa, in na dawo daga tallan ƙosai mu baje a inuwar rumfa muna 'yar carafke. Sai dai a gidanmu ba a ambaton ciki. Ita 'yar fari ce, Inna ba ta kama sunanta, sai dai ta ce "waccan", ko tabarma ɗaya ba sa zama.

Wata Laraba da hantsi ina wanki a bakin rijiya na ga jini a zanen Yaya Rabi. Na leƙa ɗaki na same ta durƙushe, ta riƙe ƙafar gado, gumi na tsiyaya. Ta ce in rufa mata asiri. Na taɓa cikin, tauri kamar turmi, ba ya saki. Goggo, ƙanwar Baba, ta riga ta ce zaƙi ne, ta ɗora sassaƙe a wuta. Ban san komai ba, amma na san ciwon da take yi a da yakan lafa in ta kishingiɗa, wannan kuwa ya ƙi. Na tsaya tsakar gida na ɗaga murya: "Cikin Yaya Rabi na zubar da jini!" Goggo ta ɗauke ni da mari. "Fitsararriya! Wa ya aike ki?"

Inna na tankaɗe. Ta ajiye rariya, ta shiga ɗakin hannunta duk gari. "Rabi," in ji ta, karon farko da na ji sunan a bakinta, "tashi mu tafi." Ba ta jira Baba ya dawo daga kasuwa ba. Mota ba ta shiga lungunmu, a kurar mai ruwa aka tura ta zuwa titi. A asibiti aka ce mabiyya ce ta fara ɓallewa, aka yi aiki aka ciro 'yar jaririya, wadda yanzu ita ma ta ga jikoki.

Sai da na haifi biyar na shiga yaƙi da jahilci, na karanta da idona a bangon asibiti: ciwon da ba ya lafawa, jini, zazzaɓi, jiri, ko ɗa ya daina motsi, ba a jira da su. 'Yan matan yanzu suna faɗa wa likita komai kai tsaye. Ina kewar tsakar gidan nan, amma ba na kewar shirunsa.

Washegarin ranar da aka yi wa Yaya Rabi aiki, ba wanda ya aike ni, na ɗauki langar kunu na nufi asibiti a ƙafa, na zauna a bakin ƙofa har mai gadi ya gaji da ganina ya bar ni na shiga.