Rawar Lahadi a Saint-Fons

Ina da shekara arba'in da bakwai lokacin da na fara koyon rawar Turawa, kuma saboda maigidana na fara.

Malam ya yi shekara ashirin yana aiki a wata masana'antar sinadarai a Saint-Fons, gefen Lyon a ƙasar Faransa. Wata safiya yana ɗaure igiyar takalminsa sai ya sulale ƙasa. Da aka sallamo shi daga asibiti ɓarinsa na hagu ya yi nauyi, ƙafar sai dai ya ja ta. Mutumin da ba ya iya zama wuri ɗaya ya koma kujera gaban tele, sallah ma a zaune. Wata takwas muna haka. Sai matar da ke motsa masa gaɓoɓi, Bafaranshiya ce marar ɓoye-ɓoye, ta ja ni gefe ta ce, "Madam, ƙafar nan za ta iya, shi ne ya ƙi. Ki kai shi inda ake kiɗa."

A unguwarmu akwai zauren da tsofaffi ke taruwa ran Lahadi bayan azahar, su yi rawa bibbiyu, su sha shayi, su watse kafin magariba. Mako uku ina lallashin Malam. Ranar da ya yarda, cewa ya yi kallo kawai zai yi.

Akwai mai koyarwa a zauren, wata tsohuwa da ta yi ƙuruciyarta a masaƙar siliki. Ba ta bar shi ya zauna ba. Ta fara mana da valse: taku uku, ɗaya babba, biyu ƙanana, ana yi ana juyawa. Juyin ya gagare shi, ya haɗa gumi, ya ce mu tafi gida. Sai ta canza faifai ta sa tango. Ta ce wannan tafiya ce kawai: taku biyu a hankali, biyu da sauri, sannan ka jawo ƙafa a ƙasa ka haɗe ta da 'yar'uwarta.

"Jan ƙafa?" in ji Malam. "Ai nan duk zauren babu wanda ya kai ni."

Ranar na fara jin dariyarsa tun da ya faɗi.

A ƙa'ida namiji ke jan ragama, amma hannunsa ba ya riƙo, don haka ni na koyi takun maza. Hannuna na dama a bayansa, ina jin lokacin da zai karkace in tare shi. Da ake shan shayi tsohuwar ta ba mu labari cewa valse ɗin ma, da ta fito daga ƙauyukan Jamus, limaman coci tsine mata suka yi, tango kuwa daga unguwannin talakawan Ajantina ta zo, aka daɗe ana kiranta rawar 'yan iska. Na ce ashe kowace ƙasa da masu sa ido.

Namu ba su daɗe ba. Wani ya ɗauke mu a salula, hoton ya isa Paris, hannun yayana Alhaji, wanda ke Montreuil yana aika kaya garinmu Maraɗi. Bai kira ni ba. Ya jira har muka je sunan jikarsa a Sevran, gefen Paris, wata Asabar. Bayan an ci abinci ya sa aka kira ni falo, gaban mata da maza. Gaisuwar ma a taƙaice ya amsa.

"Ƙanwata, abin da na gani gaskiya ne? Ke da jikoki, kina rungume da namiji gaban Nasara?"

"Yaya, namijin nan wane ne?"

"Mijinki ne, amma mutuncin gidanmu fa?"

Ban taɓa ɗaga ido na dube shi ba sai ranar. Na ce, "Yaya, wata takwas yana kan kujera. Daga nan zuwa Lyon awa biyu ce a jirgin ƙasa, sau nawa ka zo? Lulluɓina yana kaina, rigata har ƙasa, ba na riƙe kowa sai shi. Juma'ar da ta wuce a tsaye ya yi sallah, har da ruku'u. In kana da wani maganin da zai yi haka, kawo, yanzu zan karɓa. In babu, ba zan daina ba."

Matar Yaya ta ja mini gefen zane, na zare. Malam, wanda ya hau hawa uku da ƙafarsa don na'urar hawa benen ta lalace, ya dafa sandarsa ya miƙe.

"Alhaji, a yi mana afuwa," ya ce. "Jirgin yamma za mu bi. Gobe Lahadi, kar mu makara."

Wasu matan garinmu sun daina amsa gaisuwata a kasuwa. Ban bi su ba. Shekara shida muka yi muna zuwa zauren nan, har muka ƙara da paso, mai kama da faretin soja, wadda Malam ya fi so don ana buga ƙafa da ƙarfi.

Yaya ya shekara bai kira ni ba, ni ma ban kira shi ba. Da ya kira, ranar babbar sallah ce. Ya tambayi jikin Malam, na ce da sauƙi, muka tsaya nan. Har yau bai ce na yi daidai ba, ni kuma ban ba shi haƙuri ba.