Afra'u da gindin tiyar babanta

Duk Rano an san Afra'u 'yar Ɗantala mai awo da rashin barin abu ya wuce. Tana shekara tara ta taɓa ɗaukar tiyar babanta a tsakiyar kasuwa, ta cika ta da gero, ta juye a ta Habu maƙwabcinsa. Sai aka ga saura yatsa biyu kafin ta Habu ta cika. Ashe an doko gindin ta Ɗantala ya turo ciki. Ta sha duka ranar, shi kuma ya rantse haka maƙeri ya ƙero masa ita.

Yarinya ta yi karatu, ta samu aiki a wani babban asibiti a birni, a sashen da ake yi wa mutum allurar wani ruwa mai fitar da haske da ido ba ya gani, sannan a ɗauki hoton cikin jikinsa. Akwai na'urar da ke auna ƙarfin ruwan kafin a yi allura, aikin Afra'u kuwa shi ne auna na'urar. Kullum da safe takan zura mata wata 'yar kwalba da aka riga aka san ƙarfinta, ta ga ko za ta faɗi gaskiya. Ɗantala ba ya gajiya da yi mata tsiya. "Duk bokon nan," yakan ce, "ashe awon tiya aka koyo."

Bara ciwon baya ya kwantar da shi, likita ya ce sai an yi hoton ƙashi. Afra'u ta kawo shi. Safiyar ranar kuwa na'ura ta ƙi gaskiya, ta nuna ƙasa da ƙarfin kwalbar gwaji. Afra'u ta sake gwadawa har sau uku. Hankalinta ya tashi, don ruwan allurar ba ya jira, ƙarfinsa raguwa yake yi kowace sa'a, in kuma aka wuce azahar sai bayan mako biyu za a kawo wani. Tsoho ko zama ba ya iya yi sosai.

Ta fito ta same shi a benci ya karkace.

"Baba, sai ka ƙara haƙuri. Ma'aunin ne yake ƙarya. In na yarda da shi, za a ɗura maka fiye da kima."

"To ai gyara ce, 'yar nan. Wa yake ƙin gyara?"

"Wannan gyarar cutarwa take yi, Baba."

Tsoho ya waiga hagu da dama, ya rage murya. "Kin duba gindin?"

"Gindin me?"

"Na ma'aunin mana. Ke dai je ki duba, kar ki tambaye ni."

Ta koma ta zaro 'yar robar da ake ɗora kwalba a kai a zura cikin na'urar. Ai kuwa gindin ya tsage, wani mai dabara ya cusa takarda ya toshe, kwalba ta ɗago daga inda ya kamata ta zauna. Ta sauya roba, ta sake gwaji, lamba ta fito daidai. Dariya ta kama ta, hawaye kuma na zuba. Aka yi wa Ɗantala allura kafin azahar, hoto ya fito tas, likita ya ga inda ciwon yake.

A mota tsoho ya ce, "Wato da ba ki auna ba, ni ba yadda za a yi in sani?"

"Ba yadda za a yi, Baba. Kai dai hannu za ka miƙa."

Suka koma Rano. Washegari da hantsi Afra'u ta ji ƙwanƙwasa a bayan ɗaki. Ta leƙa, ta ga Ɗantala zaune da guduma, tiya a tsakanin ƙafafunsa, yana mayar da gindin inda yake.

"Me kike kallo?" in ji shi. "Aikin maƙerin nan nake gyarawa."