Zaren Kaka Tela

Tun tana aji ɗaya aka laƙa mata Fotokofi, kuma wallahi ba a zalunce ta ba. Yarinyar nan ta taɓa kwafe aikin gida na ƙawarta har da sunan ƙawar a saman takarda. Kanta na ja, ba laifi, ƙyuya ce kawai ta yi mata katutu. In an yi mata faɗa sai ta ce ai wanda ya riga ya yi tunani ya hutar da na baya.

A shekarar ƙarshe ta sakandare ta gamu da gamonta. Malamar kimiyya, wata siririya mai tabarau da ba ta san wasa ba, ta ce kowa ya zaɓi wata larura da ake gado, ya bi sawunta a danginsa, ya zana. Nan fa ake yin ta! Dangi dai ba a kwafar na wani. Fotokofi ta zaɓi larurar rashin bambance ja da kore, don bayaninta ya fi gajarta a littafi, shi ɗin ma ba ta karanta ba. Ta zauna ta kitsa abinta: kakanta na wajen uba ya ba babanta, babanta ya ba yayanta. Har da jan layi da rula.

Malama ta dubi takardar ta saman tabarau. "Ke, wannan larurar ba ta bi ta uba zuwa ɗa namiji. Uba 'yarsa yake ba, ta ɗauka ba ta sani ba, ita kuma ta ba ɗanta. Ƙaryar ma ba ki iya ba." Ajin ya kwashe da dariya. Sai ta miƙa mata wasu katuna masu ɗige-ɗigen launi, kowanne da lamba a ɓoye ciki, ta ce ta je ta gwada mutanen gidansu da gaske.

Da haushi ta fara. Baba ya karanta lambobin tas. Mama ma haka, tana yi tana tsaki. Da aka zo kan Yaya, direban motar kai kaya, ya juya katin sama, ya juya ƙasa.

"Wace lamba? Ke, kar ki raina min hankali."

"Yaya, ga saba'in da huɗu nan ɓaro-ɓaro! To fitilar kan titi fa, yaya kake yi?"

"Ta sama tsaya, ta ƙasa wuce. Ba haka kowa ke yi ba?"

Mama ta dafe ƙirji, ta ce ita da motarsa har abada. Fotokofi kuwa ta ƙura wa katin ido. Karon farko ke nan a rayuwarta da tunani ya zo mata ba daga takardar wani ba. In Yaya ta wajen Mama ya samu, to Mama a ina ta samo?

Mahaifin Mama tela ne, shekara arba'in da ɗaya a shago guda, kuma an san shi da ido. In ya ɗora zare a kan yadi, sai ka rantse tare aka haife su. Amma tun rasuwar matarsa wata takwas da suka wuce, abubuwa suka rikice. Ya yi wa wani jan yadi kalmasa da koren zare. Ya kafa jajayen maɓallai a rigar makaranta koriya, mai rigar ta zo ta zazzage masa rashin mutunci a bainar jama'a. 'Ya'yansa suka ce rikicin tsufa ne. Kawu, babban ɗansa, har ya sayo kwaɗo, aka sa ranar Asabar za a taru a rufe shagon, tsoho ya koma gida ya huta.

Fotokofi ta same shi a shago a kan keken ɗinki, tef ɗin awo rataye a wuya, ƙyallaye zube a ƙasa.

"A'a, amaryata ce? Yau kuma aikin wa aka kwafo?"

"Kaka, duba min katin nan."

Ko kallo bai yi ba. "Ɗauke min tarkacenki, ina da aiki."

Ta juya wajen kantar zare. Da can jere suke reras kamar 'yan fareti, yanzu ja da kore da ruwan ƙasa duk a cakuɗe. Sai ta tuna marigayiya. Kullum da safe tsohuwar nan sai ta zo shago, ta yi ta lalube a kanta, ta ɗaga kowane yadi ta ajiye. Duk dangi sun ɗauka kishi ne, wai gadin tsoho take kada mata masu kawo ɗinki su sace shi. Har tsokanarta ake yi, ita kuma ta ce eh, ai kyakkyawa ne.

"Kaka, ita ce ke zaɓa maka zare, ko?"

Keken ya tsaya.

"Kowane yadi sai ta soka masa zarensa da allura a gefe," in ji shi. "Tun satin da aka kawo ta ta gane. Na sayo mata koren mayafi, na ce ga ja irin wanda take so. Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Ke ma kar ki faɗa."

"Kaka, shagon za su rufe fa! Cewa suke ka zautu."

"Gara su ce na zautu da su ce shekara arba'in ina cin sunan da ba nawa ba."

Tausayinsa ya kama ta, haushinsa ma ya kama ta. Ta zauna a kan buhun ƙyallaye ta zana masa a bayan takardar awo: shi a sama, Mama a tsakiya, Yaya a ƙasa. Ta ce ba laifinsa ba ne, shi ma daga mahaifiyarsa ya samo. Ya ce oho, ashe tsohuwarsa ce ta cuce shi, Allah ya jiƙanta duk da haka. Ta ce ba za ta kai aikin makaranta ba sai da izininsa, ko da za a ba ta sifili. Ya kalle ta sama da ƙasa, ya ce lallai duniya ta zo ƙarshe.

Ranar Asabar dangi suka cika shagon. Kawu ya gyara murya, ya fara doguwar hudubar nan ta "Baba, ka yi mana komai, lokacin hutu ya yi," yana kaɗa kwaɗon a yatsa. Fotokofi na rakuɓe a jikin kanta, maganar na cin ta kamar ƙaiƙayi, amma ta yi alkawari, ta ja bakinta.

Tsoho ya bari sai da Kawu ya ƙare. Sannan ya miƙa hannu. "Amarya, ba ni katin nan naki."

Ya ɗaga shi kowa ya gani. "Me kuka gani?"

"Saba'in da huɗu," suka ce.

"To ni ban ga komai ba, kuma tun da uwata ta haife ni ban taɓa gani ba. Hankalina na nan daram, ya fi na wasu. Idona ne kuka kai maƙabarta wata takwas da suka wuce."

Mama ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Kawu ya rasa inda zai sa kwaɗon, ya cusa shi a aljihu a hankali.

Tsoho ya koma kan kekensa, ya share ido da bayan hannu, ya ce wa jikar ba tare da ya waiwayo ba, "Ki kai wa malamar taki, ki rubuta sunana da manyan baƙaƙe. Kuma Litinin ƙarfe bakwai ina jiran ki kafin makaranta, ga yadi shida can ba zare."