Damtsen Yaya Mai Guga

Yayata ta shekara ashirin tana guga a shagon wanki. Sau biyu ciwon suga ya kayar da ita da dutsen guga a hannu, sai likita ya manna mata na'urar auna suga a damtse. Tururi da gumi suna ɓamɓare ta, Yaya tana ƙara filasta. Wurin ya ɗuri ruwa, ya fara ɗoyi. Damtsen dama ya lalace, na hagu ya bi.

Da ta koma asibiti, likitan ko ɗago kai bai yi ba, wai ta nemi lafiyayyar fata.

"A ina, likita? A goshi?" in ji Yaya.

Mai shago ya ce ba na'ura, ba aiki. Jiya a gabana ta manna sabuwa a kan gyambon.