Kusurwar da Ta Buɗe Baki

Mijina ba ya faɗin abin da ke damunsa. Ko ƙafarsa ce ta karye, ka ce masa ya jiki, zai ce maka alhamdu lillahi, daga nan kuma ba ƙari. Mazan unguwarmu a Gadarif duk haka suke, ina jin gado ne daga kakannin da suka taso daga yamma za su Makka wannan baƙar ƙasa ta riƙe su, amma nawa ya fi kowa. Ba na jayayya da godiya ga Allah. Sai dai amsar ba ta gaya wa mace ko ta jiƙa magani ne ko ta fita neman raksha, wato keke mai ƙafa uku, zuwa asibiti.

Sana'arsa haɗa akwatunan amsa-kuwwa. Masu ba da hayar kayan sauti na biki, da masallatai, da zawiyoyi, su kawo masa na'urarsu tsirara, ya auna, ya yanka katako ya gina mata gida, sannan ya lulluɓe akwatin da mushamma, wannan baƙar leda mai kauri mai kama da fata. A rakubar tsakar gidanmu yake aikin, wato rumfar kara, shi ya sa tun ina amarya tuwona ke sauka da warin gam. Haɗa katako, in ji shi, kowane kafinta ya iya. Kusurwa ce aikin. Wasu sukan naɗe ta yadda ta zo musu, su kifa mata hular ƙarfe su buga ƙusa, shi kuwa ya ce hular ƙarfe rufin asirin malalaci ce. Tasa kusurwar sai ka shafa ka sake shafawa kafin ka gane inda bakin leda biyu suka haɗu.

Idonsa na hagu ya daɗe da tafiya. Yanar ido ce ta rufe shi, sai wani abokinsa ya kai shi wurin mai aikin ido na gargajiya a wani ƙauye, ban sani ba sai da suka dawo. Ya gani na ɗan lokaci, sannan idon ya yi ja, ya yi ciwo, ya mutu. Daga ranar ya haramta wa kowa taɓa masa ido. Da na daman ya fara dushewa sai ya ɓoye min, kuma ɓoyon bai ba shi wuya ba, domin hannunsa ya riga ya haddace aikin. Akwatuna suna fita tsaf, masu kaya suna yabo, ni kuwa ina zaune da mutumin da ba ya rarrabe fuskata da ta maƙwabciya ban sani ba. Asirinsa ya tonu ne wata safiya da zai fita kasuwa, ya tsaya a ƙofar gida ya yi wa gangar ruwanmu sallama. Na lulluɓe ta da farin buhu, shi kuma ya ɗauka wani dattijo ne a zaune. Har tsayawa ya yi yana jiran amsa.

Dariyar sai daga baya na yi ta. A lokacin kuwa zama na yi a bakin murhu na rasa abin da ke min daɗi. Ido ɗaya ya rage masa a duniya, shi ma ga shi yana tafiya.

Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi masa yajin magana, ko gezau. A ƙarshe na kira yayarsa a waya, wadda ta goya shi yana yaro, na kwashe komai na gaya mata. Ban san abin da ta ce masa ba, na dai ji yana ta “to, Yaya, to,” washegari kuma ya nemi farar jallabiyarsa.

Likitar da ta duba shi mace ce, cikin waɗanda yaƙi ya koro daga Hartum suka cika mana gari. Ita ta yi aikin. Da aka cire bandejin sai na ga ba ta yi murmushin da nake jira ba. Ta ja ni gefe ta ce idon ya kumbura, zai iya washewa a hankali, amma ciwon sukarinsa ya daɗe, ba ta san ɓarnar da ya yi a can bayan idon ba, don haka ba za ta yi min alkawari ba. Ta ba mu maganin ɗigawa da baƙin tabarau. Ta ce kada ya sunkuya, kada ƙura ta taɓa shi, warin gam kuwa ko kusa.

Zaman jiran nan shi ne ya fi aikin wahala. Kullum da safe in ɗiga masa magani in ce, Malam, yaya idon? Alhamdu lillahi. Maƙwabta su shigo dubiya, alhamdu lillahi. Ɗanmu ya bugo daga Ƙala'at an-Nahal inda yake girbin dawa, amsar ke nan. To, mutumin da ya ce alhamdu lillahi ranar da ya gaida ganga, me za ka tsinta a bakinsa? Na riƙa satar kallonsa. In ajiye masa takalmi ba inda ya saba ba, in laɓe in ga yadda zai yi, sai ya lalubo su da ƙafa. In miƙa masa kofi ba tare da na yi magana ba, sai ya karɓa, amma ƙila ƙamshin ne ya gaya masa. Wata rana na kasa daurewa na ɗaga yatsu a gaban fuskarsa na ce ya ƙirga.

“Ya Hajja,” ya ce, “janye hannunki, albasa yake wari.”

Na koma kicin na yi kukana. Haushinsa nake ji, tausayinsa kuma ya fi haushin yawa, domin na san in da yana gani da ya ƙirga ko don ya rufe min baki.

Ana cikin haka wani mai kayan sauti na garin Fau ya bugo. Tun kafin aikin ido Malam ya haɗa masa akwatin amfilifaya, katakon na nan a rakuba ba riga. An gama yankan riɗi, manoma sun sami sukuni, bukukuwa sun jeru, mutumin ya ce ranar Juma'a zai turo a ɗauka. Ina jin Malam yana ce masa ba matsala. Da hantsi na fito daga wanka na tarar da shi a tsugune a rakuba, kai a ƙasa, yana laluben gwangwanin gam. Duk abin da likita ta hana ya haɗa a zama ɗaya.

Na fizge gwangwanin. Na ce in dai ina numfashi ba zai buɗe shi ba, ni zan lulluɓe akwatin. Ya ce tun yaushe na koma mai aikin mushamma. Na ce tun ranar da ya kawo ni gidan nan ya sa ni shaƙar warinta. Na ja masa angarib, gadon igiyarsa, zuwa jikin bangon kicin inda iska ba za ta kai masa warin ba, na zaunar da shi da tabarausa, daga can ya fara mulki.

Na shanya mushammar a rana ta yi laushi. Na shafa gam a katako, na shafa a bayan ledar, na ɗauka sai mannawa, ya ce in jira sai ya daina kama yatsa. Jikin akwatin bai ba ni wuya ba, shimfiɗa ce kamar ta zanen gado, a dinga kora iska da tsumma daga tsakiya zuwa gefe. Da na zo kusurwa sai ya ce in dakata. Ya sa na ɗauko guntayen leda na gwada a kan wani tsohon akwati, domin in na ɓata ta gaske, duk abin da na manna sai an ɓare.

Ga yadda ya koya min. A kowace kusurwa leda biyu ke haɗuwa, ta wannan gefe da ta wancan, yana kiransu kunnuwa. A kwantar da kunne ɗaya, a ɗora ɗayan a kansa, a sa sabuwar reza a daidai tsinin kusurwar a ja a karkace, a yanka duka biyun a tafi ɗaya. Sai a zare guntun sama, a ɗan ɗaga, a zare na ƙasa, a mayar. Tunda reza ɗaya ta yanka su, bakinsu zai haɗu da kansa. Sannan a tura su da babban yatsa su matso juna, kada a ja.

A baki abin da sauƙi. Na farko na tsorata na tsaya a tsakiyar yanka, ya fito da haƙora. Na biyu na danna da ƙarfi har rezar ta shiga katako. Daga inda yake ya ce ya ji ƙarar, wai yankan da ya yi kyau ba ya kuka. Na ce masa in ya ƙara magana zan nemo hular ƙarfe a kasuwa in kifa wa kowace kusurwa. Ya ce in kashe shi tukuna. Haka muka yi ta yi har rana ta take tsaka, gumi ya jiƙe min mayafi, yatsuna suka manne da juna. A hankali hannuna ya saba, na koma kan akwatin mutumin Fau na yi kusurwoyin ɗaya bayan ɗaya, ina bismilla a kan kowace.

Bayan azahar, da warin ya lafa, ya taso ya toshe hanci da bakin rawaninsa ya zo duba aiki. Ya bi kusurwoyin da babban yatsa. Ni ba akwatin nake kallo ba, fuskarsa nake kallo. Kansa a ɗage yake, wajen karan rufin rakuba, irin ɗagawar da makafi ke yi in suna sauraron hannunsu. Ko sau ɗaya bai kai ido kan aikin ba.

“Kwayis,” ya ce. “Wallahi kwayis.”

Tun da muke bai taɓa yabon aikina haka kai tsaye ba, amma yabon bai yi min daɗi ba ko kaɗan. Na ce a raina shi ke nan, abin da likita ta ji tsoro ya tabbata. Na fara tunanin yadda za mu yi, ko ɗanmu ya bar gona ya dawo, ko ni ce zan ci gaba da reza shi yana ba da umarni daga kan gado har ƙarshen rayuwarmu. Na mayar da shi angarib ɗinsa na shiga soya bunnin jabana, wato 'ya'yan gahawa, don in sami abin da zan ɗora wa jan idona.

La'asar ta yi, iska ta ɗan yi sanyi, rana ta sauko tana shiga rakubar ta gefe. Ina tsugune ina zuba masa kofi sai na ji ya ce, kamar mai magana da kansa, “Ta sama, ta wajen dama, ta buɗe baki.”

Na ce wace ce ta buɗe baki.

“Kusurwarki. Kin ja ledar tana da zafi, ga shi ta huce ta koma. Katako na leƙowa.”

Raina ya ɓaci nan take. Na ce ɗazu ya shafa ya ce kwayis, yanzu kuma don ya ga na zauna zai ƙirƙiro min aiki. Na tashi fuu na nufi rakubar don in ƙaryata shi. Na duba ban ga komai ba. Sai da na sunkuya har hancina ya kusa taɓa akwatin, sannan na gan shi: wani ɗan farin layi, bai fi silin gashi ba, inda ledar ta janye katakon ya bayyana. Na buɗe baki zan ce ai wannan ba wanda zai lura, sai na tuna daga inda ya hango shi. Na waiwaya. Tsakanin rakubar da bangon kicin akwai faɗin tsakar gida guda. Yana zaune a inda na bar shi, ya tura tabarau saman goshi, ya ƙanƙance idon yana kallon akwatin.

Na zauna a ƙasa cikin guntayen leda. Na tambaye shi tun yaushe. Ya ce abubuwa sun fara fitowa kamar cikin hayaƙi tun shekaranjiya, yau ya fi jiya, amma bai so ya faɗa ba. Na hagun ma, ya ce, haka ya fara yi masa, ya gani ya yi murna ya gaya wa kowa, sannan ya tafi. Bai so ya ba ni abu a karɓe. Wannan shi ne mafi tsawon bayanin da ya taɓa yi min game da jikinsa, kuma da ya gama sai ya koma kan maganar katako. Wai kowa ya san ana baƙanta kusurwa da fenti kafin a rufe ta, don ko ta buɗe kada ta nuna. Na ce ai kowan bai gaya min ba.

Ya ce in kawo kwallina. Na ɗauko masa tandun. Na ɗora akwatin a kan tebur don kada ya sunkuya, ya taso da kansa, bai laluba komai a hanya ba. Ya zaro tsinken, ya karkaɗe shi, ya kai bakinsa daidai farkon layin nan, ya bi shi a hankali har ƙarshe bai kauce ba. Farin ya ɓace.

Ina tsaye a kansa, hawaye na zuba, ban ma damu in share ba. Na ce, Malam, ka san irin tsoron da ka ba ni kuwa? Bai ɗago ba. Ya juya akwatin zai duba kusurwa ta gaba.

“Ya Hajja, matsa kaɗan,” ya ce. “Kin tare min haske.”

Rabon da ya nemi haske a wurin aiki har na manta. Na matsa.