Baba Idirisu da Ƙarfen Fijon Marigayi

"Wannan ba ƙarfen ubana ba ne! An musanya!"

Da wannan ihun Badamasi ya tara jama'a a ƙofar shagon Baba Idirisu a New Bell, ranar Talata da hantsi, saura kwana uku unguwa ta yi wa tsohon walimar ajiye guduma. Yana riƙe da doguwar sandar ƙarfen ado, irin mai ƙyallin nan da ke bin gefen tsohuwar mota, wanda 'yan Duwala ke kira inoks.

Shekara arba'in da huɗu ke nan Baba yana sana'a ɗaya. Ya dawo daga asuba, ya sha shayi wajen maƙwabcinsa Ɓoɓɓo, ya shiga shago ya turo ƙyaure. Daga nan sai ƙwas-ƙwas-ƙwas har azahar. Lotsattsen ƙarfe yake kifewa a kan katako, ya bi ta bayansa da 'yar guduma da turakun icce, ya share fuskar da magagari, ya goge har mutum ya ga haƙoransa a ciki. Kuma ba ya taɓa aiki sai ya shafa lotsawar da babban yatsa ya yi tambayarsa: "Me ya buge ta?" In ka yi masa ƙarya, sai ya miƙo maka kayanka.

Rufe ƙofar nan kuwa ta daɗe tana cin mutane. Wasu sun ce aljanu ke riƙe masa ƙarfen. Wasu sun ce masu tara tsofaffin motoci na zuwa ta baya su sayi na asali, shi kuma ya maye da jabu. Ba wanda ya taɓa faɗa a gabansa, sai yau.

"Yaya, don Allah sassauta murya," in ji Zaituna, ƙanwar Badamasi. Ita ta kawo aikin, don tana son a kai 'yarta ɗaki cikin Fijo 404 ta mahaifinsu, marigayi Alhaji Husaini.

"In sassauta? Ɗan bensikin, ɗan acaɓa, ya murƙushe ƙarfen nan da babur ɗinsa. Garejin Kotto sun ce a jefar. Yau ga shi kamar madubi? C'est faux! Ƙarya ne! Tsoho, ina namu?"

"Ikon Allah," in ji Ɓoɓɓo, yana juya shayi. "Da ya ɓata, ku zage shi. Ya gyara, kun kira shi ɓarawo. Ku mutanen unguwar Makèpè, sai a bar ku."

Ba wanda ya yi dariya. Idanu sun koma kan Baba, har da na waɗanda suka yi karo-karon walimarsa. Ya gane cewa in ya bar maganar nan ta kwana, ranar Juma'a ɓarawo za a yi wa addu'a.

Ya miƙa hannu. "Ba ni, ɗana."

Ya kife ƙarfen a kan benci. Fuskar ce sumul. Bayan kuwa cike yake da ɗige-ɗigen guduma kamar zanen ƙwarya. Baba bai taɓa goge bayan aikinsa ba.

"Waɗannan farare na makon jiya ne, aikin ɗan bensikin." Ya ja yatsa gaba, inda ɗigon ya yi baƙi. "Waɗannan fa? Yatsa uku daga ƙofar direba. Shekara ashirin da takwas. Ginshiƙin ƙofar makaranta ne."

Baba ya dubi Badamasi, ya ci gaba.

"Alhaji da kansa ya ciro shi ya kawo mini. Na tambaye shi me ya buge ta. Ya ce, 'Ɗana ne ya saci makulli. Yana can ya ƙi cin abinci, yana tsammanin ban gani ba. Gobe yana da jarrabawa. Gyara ta yadda ba za a ga komai ba, kuma kada ka gaya masa.' Ban gaya maka ba. Yau kai ka matsa mini, Allah ya yafe mini."

Badamasi ya zauna a kan taya, takalmin ofis ɗinsa cikin taɓo. "Ya sani? Duk shekarun nan?"

"Au, Yaya, kai ne?" Zaituna ta riƙe baki. "Kai da ka rantse ba ka taɓa tuƙa motar nan ba!"

Sannan aka yi dariya. Badamasi ya durƙusa ya kama hannun tsohon. Baba ya ce, "Tashi. Je ka ɗaura wa amarya ƙarfenta, a hankali, ban da filaya."

Baba Idirisu, kai ne aka zarga don aikinka ya yi kyau fiye da kima. Kai ne ka rufe ƙofa aka ce asiri kake yi, alhali asirin mutane kake rufewa. Marsandin liman da reshen mangwaro ya faɗa wa, da tasin Iro da ya ciyar da 'ya'ya tara, duk sun bi ta hannunka, ba ka taɓa aske ƙarfe ya yi siriri don ka gama da wuri ba. Mai gyaran fuska ya bar shaida a baya, mun gode. Masu sana'a na New Bell, ku yi aikin da in an kife shi ba za ku sunkuyar da kai ba.

Jama'a na watsewa sai wata baƙar mota ta tsaya nesa da shagon. Wani mutum da ba wanda ya san shi ya fito, da dogon abu naɗe a buhu. Bai yi wa kowa sallama ba.

"Kai ne wanda gyaransa ba ya barin alama?"

Baba ya buɗe buhun, ya shafa lotsawar. Faffaɗa ce, mai laushin baki, ba irin ta bango ko babur ba, irin ta jikin mutum ce. A maƙalen ƙarfen akwai zaren atamfa ja.

Ya ɗago kai a hankali.

"Ɓoɓɓo, tsaya nan bakin ƙofa, yau ba zan rufe ba. Malam, zauna. Me ya buge ta?"